Yadda Ake Shuka Gwanda da Renonta a Gida a Ƙasar Sakkwato

Gwanda tana cikin 'yan itatuwan marmari ƙalilan da mutum zai shuka a bana ya ci 'ya'yansu cikin shekara guda, kuma ba ta cin wuri, domin taku uku a kusurwar tsakar gida ya ishe ta. Duk da haka gidaje da yawa a Sakkwato sun gwada ta sun haƙura, wasu saboda ta yi tsawo har ta wuce katanga ba ta ba da komai ba, wasu kuma saboda ta ruɓe daga gindi a tsakiyar damina bayan an sha wahalar yi mata ban ruwa duk tsawon rani. Akan ɗora laifin a kan ƙasa ko a kan rashin sa'ar hannu, alhali mafi yawan wannan asara daga abu biyu take fitowa: watan da aka yi shuka, da yadda ake sarrafa ruwa a gindin bishiyar.

Asalin gwanda daga kudancin Meziko ne da Amurka ta Tsakiya, inda ake da ɗumi da laima kusan duk shekara, kuma daga can ne jiragen Sifen da Fotugal suka yaɗa ta zuwa Asiya da Afirka tun ƙarni na 16. Ta fi jin daɗi idan zafi yana tsakanin digiri 21 da 33 a ma'aunin Salsiyos, tana kuma son ruwan da ya haura milimita 1,000 a shekara, a rarrabe cikin watanni. Mu kuwa a Sakkwato zafin Afrilu da Mayu yakan wuce digiri 40, ruwan samanmu yana wajajen milimita 600 zuwa 700, kuma kusan dukkansa yana sauka ne tsakanin Yuni da Satumba. Idan aka haɗa da cewa gangar jikinta ba ta da itace na gaske, cikinta rami ne, saiwoyinta suna kusa da saman ƙasa, ganyayenta kuma faffaɗa ne masu zubar da ruwa da yawa, za a gane cewa ba a yi mata irin riƙon da ake yi wa mangwaro ko dogon yaro, waɗanda ake shayarwa shekara biyu a bar su da kansu. Riƙon kayan lambu take so, daga ranar shuka har ranar da za a sare ta.

Watan da ya dace

Abin da ya kamata mutum ya fara lissafawa shi ne watan da bishiyar za ta fara fure. Gwanda takan soma fure wata huɗu zuwa shida bayan dashe, kuma fure shi ne abin da zafi ya fi yi wa illa a jikinta: idan rana ta yi tsanani iska ta bushe, furannin sukan zube kafin su ƙulla, ko da kuwa ganye yana nan kore shar. Wanda ya dasa a Oktoba ko Nuwamba, yana ganin ya guje wa ruwan damina, ya kai furen bishiyarsa cikin Maris da Afrilu ke nan, watannin da babu abin da zai tsaya a kanta. Irin wannan bishiya ce ake gani ta yi tsawo da gangar jiki tsirara, mai ita yana cewa namiji ce, alhali zafi ne ya zubar mata da fure.

Tsarin da ya fi dacewa da ƙasarmu shi ne a zuba iri a leda daga ƙarshen Afrilu zuwa tsakiyar Mayu a ƙarƙashin inuwa, a dasa a ƙarshen Yuni ko cikin Yuli bayan ruwa ya zauna. Ta haka damina za ta ɗauke wa mutum nauyin ban ruwa a watannin farko, fure zai faɗo a Nuwamba da Disamba lokacin da zafi ya sauka, 'ya'ya su ƙulla cikin sanyi, sannan su fara nuna wajen Afrilu da Mayu. Bazara za ta tarar da bishiya mai ƙarfi wadda ta riga ta ɗauki kayanta. Masu lambu a fadamar Kwalkwalawa ko gefen kogin Rima, da suke da injin ban ruwa da ƙasa mai riƙe danshi, suna iya sassauta wannan lissafi, amma mai tsakar gida da ke sayen ruwa a hannun 'yan garuwa bai kamata ya yi wasa da shi ba.

Zaɓen iri da reno

Iri mafi aminci shi ne na bishiyar da mutum ya gani da idonsa a garinsa, ta ƙetare bazara da 'ya'yanta, kuma ya ɗanɗana ya ji zaƙinta. Gwandar kasuwa ma tana fitowa, sai dai ba a san irin ƙasar da ta fito ba, ba a kuma san bishiyar da ta yi mata barbara ba. Idan babu makawa sai ta kasuwa, a zaɓi doguwa a bar mai zagaye, domin doguwar gwanda galibi daga bishiya mata-maza take fitowa, wato mai furen da ya haɗa na mace da na namiji wuri guda, kuma irinta ba ya yawan ba da namiji. Akwai kuma ingantaccen iri na fakiti, kamar Red Lady da aka samar a Taiwan, wadda take fara 'ya'ya tun tana ƙasa da mita ɗaya, kowace gwanda tana kai kilo ɗaya da rabi zuwa biyu, kuma ba ta fitar da namiji. Da kuma dangin Solo na Hawai, masu ƙananan 'ya'ya kamar rabin kilo amma masu zaƙi. Red Lady haɗin aure ce, wato iri biyu daban aka haɗa aka samar da ita, saboda haka wanda ya ɗebi iri daga cikin 'ya'yanta ya sake shukawa ba zai sami irin uwar daidai ba. A sayi fakitin da yake rufe da hatimin kamfani da kwanan wata, a guji wanda aka ƙulla a leda ana cewa na waje ne.

Idan daga cikin gwanda za a ɗebi iri, a bari ta nuna sosai, a zaɓi baƙaƙen ƙwayoyi a zubar da farare. Kowace ƙwaya tana lulluɓe da wata 'yar jaka mai santsi da ruwa a ciki, kuma wannan jaka tana ɗauke da sinadarin da ke hana tsiro, shi ya sa irin da aka watsa haka nan yakan daɗe bai fito ba. A zuba ƙwayoyin a rariya tare da ɗan toka ko rairayi, a murza da tafin hannu har a ji jakunkunan suna fashewa, a ɗauraye, sai ainihin ƙwayar ta bayyana baƙa mai kaushi da ƙuraje-ƙuraje. Waɗanda suka taso saman ruwa a kwashe su a zubar. Sauran a baza su a kan takarda a inuwa kwana biyu ko uku, kada a shanya su a rana ko a kan kwanon rufi, kuma kada a ajiye su watanni a ɗaki mai zafi, domin ƙarfinsu yana raguwa da sauri. Jiƙa su a ruwa dare ɗaya kafin shuka yana gaggauta fitowarsu.

Ledar ruwan sha da aka yanke bakinta ta isa reno, ko da yake baƙar ledar masu renon itatuwa ta fi ba saiwa wuri. A huda ƙasanta wuri huɗu ko biyar, a cika da haɗin ƙasar sama kashi biyu da ruɓaɓɓen taki kashi ɗaya, a sa ƙwaya biyu ko uku a zurfin santimita ɗaya, wato kamar rabin gaɓar yatsa. A jera ledojin a ƙarƙashin rumfar zana inda hasken safe yake shiga, a riƙa yayyafa ruwa da gwangwani mai huji safe da yamma gwargwadon yadda ƙasar za ta kasance da danshi kawai. Tsiro yakan fito cikin mako biyu zuwa uku. Idan aka ga ƙaramin tsiro ya tsuke daidai inda ya haɗu da ƙasa ya kwanta, ruwa ne ya yi yawa, kuma sai a rage nan take a fitar da waɗanda suka kamu. Kaji da ƙadangaru suna iya cinye renon wata guda da safiya ɗaya; tsohon gidan sauro da aka lulluɓa a kan ledojin yana maganinsu. Bayan mako shida zuwa takwas, idan tsiron ya kai santimita 15 zuwa 25, ya isa dashe, amma a mako na ƙarshe a riƙa fito da shi rana kaɗan-kaɗan don ya saba.

Wuri da rami

Gwanda tana buƙatar rana aƙalla awa shida a yini, don haka ƙarƙashin dogon yaro ko mangwaro bai dace ba. Za ta miƙe siririya tana neman haske, saiwar babbar bishiya kuma ta shanye mata ruwa. Amma ranar la'asar ta bazara tana ƙona ganye da 'ya'ya, saboda haka wurin da yake samun ranar safe da ta hantsi, sannan inuwar ɗaki ko ta wata bishiya mai nisa ta faɗo masa da yamma, ya fi kowane wuri. A kula da iska ma. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take kaɗawa, hadarin farkon damina kuma yawanci daga gabas yake tasowa da guguwa mai ƙarfi, don haka katanga ko shinge ta wannan ɓangare kariya ce babba. Sai dai a bar tazarar mita ɗaya zuwa ɗaya da rabi tsakaninta da katangar bulo, domin siminti yana riƙe zafin rana ya riƙa maido shi har cikin dare. Kada a dasa a ƙarƙashin indararo, ko bakin kwata, ko kusa da sokawe, ko a duk inda aka san ruwa yana kwanciya bayan an yi sama. Wurin da aka saba shuka tumatir ko kuɓewa shekara da shekaru shi ma a kauce masa idan da hali, saboda wata tsutsar ƙasa da ido ba ya gani, wadda ke sa saiwa ta yi ƙulli-ƙulli ta kasa shan ruwa, kuma ta fi yawa a ƙasa mai rairayi irin tamu.

A haƙa rami mai faɗin santimita 50 da zurfin santimita 50, a ware ƙasar sama gefe guda. Gidaje da yawa a cikin gari an cike su da ɓaraguzan gini, wasu unguwanni kuma akwai marmara a ƙasa kaɗan, saboda haka kafin a ci gaba a gwada ramin: a cika shi da ruwa da yamma a duba da safe. Idan ruwan ya tsotse, wurin ya yi. Idan har yanzu yana kwance, ko dai a fasa marmarar da diga har a ratsa ta, ko a canza wuri, domin irin wannan rami a watan Agusta randa ce aka binne aka sa gwanda a ciki. Bayan haka a gauraya ƙasar saman da kwanon sarki biyu na ruɓaɓɓen takin shanu ko na tumaki, a mayar ramin, a tara ta har ta yi tudu mai tsawon santimita 20 zuwa 30 sama da tsakar gida, a jiƙa, a bar shi mako biyu ya zauna. Ɗanyen taki, musamman kashin kaji, yana ƙona saiwa yana kuma kiran gara.

Da yamma ake dashe, an fi so bayan an yi ruwa. A tsaga ledar da reza ta gefe a zare ta a hankali ba tare da ƙasar ta watse ba, domin saiwar gwanda ba ta jure taɓawa, kuma tsiron da aka tumɓuke tsirara yakan daɗe yana jinya ko ya mutu. A sa shi a saman tudun daidai zurfin da yake a leda; binne gangar jiki da nufin ta tsaya da kyau shi ne mafarin ruɓewa. Idan irin gida ne, a dasa uku a kowane gurbi da tazarar santimita 30 tsakaninsu, saboda dalilin da zai zo yanzu. Tsakanin gurbi da gurbi kuwa a bar mita biyu zuwa biyu da rabi. A kewaye da kara ko ƙaya ko waya tun a ranar, domin akuya ba ta barin ganyen gwanda.

Namiji, mace da mata-maza

Babu mai iya gane jinsin gwanda da ido daga ƙwaya ko daga ganye, duk da maganganun da ake yi a kan haka. Sai fure ya fito. Namiji yana fitar da dogayen sillaye masu reto, wani lokaci kusan tsawon hannu, ɗauke da ƙananan furanni sirara masu yawa da ƙamshi. Mace tana fitar da fure babba guda ɗaya ko 'yan kaɗan, manne a hammatar ganye, mai kumburarren gindi, kuma idan aka buɗe shi za a ga 'yar ƙaramar gwanda a ciki da wani kambi mai rassa a samanta. Furen mata-maza shi ma yana kusa da gangar jiki, amma dogo ne siriri, ganyayensa a haɗe suke daga ƙasa har kusan rabi, kuma yana ɗauke da gari mai launin rawaya a kewayen 'yar gwandar, don haka yana yi wa kansa barbara.

Irin da aka ɗebo daga mace wadda namiji ya yi wa barbara yakan fito rabi maza rabi mata. Wanda aka ɗebo daga mata-maza da ta yi wa kanta barbara kuwa yakan ba da kashi biyu cikin uku mata-maza, kashi ɗaya mata, babu namiji. Wannan ne dalilin dasa uku a gurbi: idan fure ya bayyana sai a bar mafi ƙarfi daga cikin masu haihuwa, a yanke sauran daidai ƙasa da wuƙa. Kada a tumɓuke su, don kada a girgiza saiwar wadda aka bari.

A littattafan noma an fi yaba mata-maza, kuma a ƙasa mai sassaucin yanayi haka ne. A Sakkwato ra'ayina shi ne kada mutum ya raina mace. Furen mata-maza yana canzawa da yanayi: idan zafi ya tsananta yakan koma kamar na namiji ya daina ƙullawa, shi ya sa ake ganin giɓi a jikin bishiyar daidai watannin bazara. Mace ba ta yin wannan canji, ko da yake ita ma tana zubar da fure idan ƙishirwa ta kama ta. Mai gurbi uku ko huɗu zai fi cin riba idan ya haɗa jinsin biyu, mata-maza ta riƙa ba mace garin fure. Idan duk mata ne suka fito, sai an sami namijin da zai yi musu barbara; namiji ɗaya ya ishi mata goma, kuma idan akwai namiji a maƙwabta ma ƙwari za su kawo garin. Al'adar buga wa namiji ƙusa ko tsaga gindinsa don ya koma mace ba abin dogaro ba ce. Namiji yakan yi 'yan ƙananan 'ya'ya masu reto a wasu lokuta don kansa, sai a ɗauka ƙusar ce ta yi aiki, alhali raunin ƙofa ce kawai aka buɗe wa ruɓa.

Ruwa

Nan ne aikin yake. Gwanda tana son danshi kullum, amma idan ruwa ya kwanta a gindinta kwana ɗaya zuwa biyu saiwarta takan shaƙe ta fara ruɓewa. Alamar tana da ruɗarwa, domin ganyen yakan yi laushi ya sunkuya kamar mai jin ƙishirwa, sai mai ita ya ƙara ruwa ya ƙarasa ta. Idan aka ga ganye ya yi yaushi alhali ƙasa tana jiƙe, a tona kaɗan a gefen gindi: saiwa mai lafiya fara ce mai ƙarfi, wadda ta kamu kuwa ruwan ƙasa ce, tana narkewa tsakanin yatsu, tana wari. Idan ruɓar ta hau gangar jiki babu sauran magani, sai a cire a sake wuri. Saboda haka a lokacin marka ta Agusta aikin mai gwanda shi ne fitar da ruwa: a gyara tudun bayan kowane ruwa mai ƙarfi, a yi 'yar hanya da fartanya da za ta kai ruwan waje, kada kuma a ƙara ko kofi ɗaya sai an kwana uku ko huɗu ba a yi sama ba kuma ƙasa ta bushe.

Daga Oktoba labari ya juya. A yi zobe mai ɗan zurfi a kewayen tudun, kamar santimita 40 zuwa 50 daga gangar jiki, a riƙa zuba ruwa a cikin zoben yadda ba zai taɓa gindin ba, a kuma faɗaɗa shi yayin da bishiyar ke girma. Ƙaramar bishiya lita biyar a rana ta ishe ta. Babba mai 'ya'ya a lokacin sanyi tana iya zama da bokiti ɗaya a rana ko jarka ɗaya duk kwana biyu, amma daga Maris zuwa saukar ruwa tana buƙatar lita 20 zuwa 25 kullum, wato jarka guda, an fi so a raba ta biyu, da asuba da kuma bayan la'asar. Wannan lissafi ya kamata mutum ya yi tun kafin ya haƙa rami. Bishiya biyu da ake ƙosar da su sun fi shida da ake yi wa rabon ƙwauro, domin gwandar da aka bari ta yi yaushi mako guda a bazara takan zubar da fure da ƙananan 'ya'ya, kuma abin da ya zube ba ya dawowa.

Ruwan alwala da na wanke shinkafa ko gero ko kayan miya duk suna da amfani, kuma gidan da ya juya wurin alwalarsa ya nufi zoben gwanda ya rage rabin wahala, muddin ruwan ba ya taruwa. Ruwan wanki mai garin sabulu ko bilic, da ruwan wanke-wanke mai gishiri da mai, kada su je wurin, domin gishirin yana taruwa a ƙasa ya ƙona bakin ganye. Dabara mai kyau ga mai ƙarancin ruwa ita ce a binne tulun ƙasa marar fenti har wuya a gefen bishiyar, a riƙa cika shi ana rufe bakinsa saboda sauro. Ruwan zai riƙa tsatsowa a hankali kai tsaye wurin saiwa. Sannan a lulluɓe ƙasar da buntun shinkafa ko ƙaiƙayi ko busasshen ganye mai kaurin yatsu huɗu, a bar tazarar tafin hannu daga gangar jiki. A riƙa ɗaga shi lokaci-lokaci ana duba gara.

Taki da kariya

Bishiyar da take girma da haihuwa a lokaci guda ba ta ƙoshi, ƙasar jigawa kuma ba ta riƙe abinci. Mako uku bayan dashe a fara da cikin kwalin ashana na takin zamani NPK 15-15-15, a riƙa ƙarawa kowane wata har ya kai ƙaramin gwangwanin tumatir ɗaya zuwa biyu ga bishiyar da ta fara fure. A cikin zoben ake barbaɗa shi a rufe da ƙasa a bi da ruwa, kuma kaɗan-kaɗan a kai a kai ya fi mai yawa lokaci guda. Duk wata uku a ƙara kwanon sarki ɗaya na ruɓaɓɓen taki. Yawan yuriya yana ba da ganye mai kyan gani da 'ya'ya marasa zaƙi. Idan 'ya'ya suka fito da ƙulli-ƙulli suna tsiyayar farin ruwa, alamar ƙarancin sinadarin boron ce. Takin gargajiya yana rage matsalar, amma kafin a sa maganinsa a tuntuɓi malamin gona, domin ɗan ƙari kaɗan guba ne ga bishiyar. Ciyawa kuwa da hannu ake cire ta, saboda fartanya tana yanke saiwar sama.

A hunturu girma yakan ragu idan dare ya yi sanyi, kuma wannan ba ciwo ba ne. Abin lura shi ne ƙura, wadda ke toshe ganye tana kuma jawo wasu ƙananan ƙwari jajaye masu saƙa a bayansa har ya yi ɗige-ɗigen rawaya. Watsa wa ganyen ruwa ta ƙasa sau ɗaya a mako da safe yana rage su. A bazara tsofaffin ganyaye sukan zube su bar 'ya'ya a fili, rana ta ƙona ɓangaren da ke kallon yamma ya yi fari ya taurare, don haka a rataya tsohon buhu ko ƙyalle ta wannan gefe, kuma kada a yanke ganye kore ko ɗaya. Kafin hadarin farko na Mayu da Yuni a tokare bishiyar da ta ɗauki kaya da gwafa biyu, a sa tsumma a inda itacen ya taɓa jikinta.

Ɗaya daga cikin manyan maƙiyanta shi ne wani farin ƙwaro mai kama da auduga, wanda ya shigo Afirka ta Yamma ta Gana wajajen 2010 ya bazu. Yana taruwa a bayan ganye da tsakanin 'ya'ya, yana tsotse ruwan jiki har sabon ganye ya murɗe, tururuwa na hawa da sauka, wani baƙin abu kamar kunkunniya yana rufe ganyen. Idan aka gan shi da wuri, a yanke ganyen da ya fi kamuwa a ƙone, a daka ƙwayar dogon yaro giram 50 ga kowace lita ta ruwa, a jiƙa dare ɗaya, a tace, a sa ɗan sabulun wanka, a fesa da yamma musamman bayan ganye, a maimaita duk mako har ya ɓace. Fesawa da rana tsaka tana ƙona ganye. Akwai kuma cutar da darɓa ke yaɗawa, mai sa ganye ya yi dabbare-dabbare ya tsuke kamar igiya, 'ya'ya su yi zane mai zobe-zobe. Ba ta da magani, kuma tausayin bishiya ɗaya yakan jawo asarar sauran, don haka a cire ta a ƙone.

Tsinka da maye gurbi

Wata biyar zuwa shida bayan fure, idan aka ga rawaya ta fara ratsa gwandar daga ƙasa, lokacin tsinka ya yi. Wadda aka cire tana kore shar za ta yi laushi amma ba za ta yi zaƙi ba, wadda aka bari ta nuna gaba ɗaya a sama kuwa tsuntsaye da jemagu za su riga mai ita. A yanke ta da wuƙa a bar ɗan guntun sillen, a kifa ta farin ruwan ya tsiyaye, a ajiye a inuwa kwana biyu zuwa huɗu. Wannan farin ruwa yana ƙona fata, kuma a kiyaye ido da shi, musamman idan yara ne ke tsinka da gora suna kallon sama. Shi ne kuma yake ɗauke da sinadarin da ke tausasa nama, shi ya sa naman layya mai tauri idan aka naɗe shi a ganyen gwanda da aka ɗan murza yakan yi laushi. Likitoci suna gargaɗin mata masu juna biyu su guji ɗanyar gwanda saboda wannan ruwa, ganyenta da ake dafawa don zazzaɓi kuma ba ya maye gurbin gwaji da magani a asibiti.

Gwanda ta fi ba da amfani a shekararta ta farko da ta biyu ta haihuwa. Daga shekara ta uku 'ya'yan sukan ƙanƙance, bishiyar ta yi tsawon da tsinka ke zama haɗari, iska kuma ta fi samun ta. Wasu sukan sare ta a tsawon mita ɗaya a farkon damina, su kifa gwangwani a kan ramin don kada ruwa ya shiga, su bar reshe biyu ko uku daga cikin waɗanda za su tsiro. Yana yin aiki idan gindin lafiya lau yake, amma 'ya'yan ba sa kai na farko girma. Abin da ya fi shi ne a zuba sabon iri duk watan Mayu na shekara ta biyu, daga bishiyar da ta fi jure bazara a gidan, a dasa shi a sabon gurbi nesa da tsohon da aƙalla mita biyu, a bar tsohon ramin ya huta shekara guda da ɗan masara ko dawa a kansa kafin gwanda ta sake komawa wurin.